Tambayoyi da amsoshi: yadda ake sarrafa babban jirgin ruwa mai filafili a tashar da ta cika maƙil

Waɗannan tambayoyin sune ake ta maimaita min, yawanci daga yaran da suka samu aiki a jiragen shaƙatawa na tekun Bahar Rum, can wajajen Girka da Turkiyya da Kuroshiya da kudancin Faransa, sai kuma masu sha'awa kawai. Jirgin da nake magana a kai shine mai tsawon mita 15 zuwa 20, mai sandar ɗaga filafili ɗaya ko biyu, inji ɗaya, farfela ɗaya. Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga nan shine, shiga tasha aiki ne da ake gama fiye da rabinsa tun ana waje, kafin goshin jirgi ya leƙa bakin mashiga.

Kyaftin, wai meye wahalar ne? Ai naga jirgin ma a hankali yake tafiya.

A hankalin nan ita ce wahalar ɗan'uwa. Jirgi bashi da birki, kuma sitiyarinsa baya aiki sai in ruwa na gudu ta jikin allon da ke ƙarƙashin ruwa can baya, wato da ka rage gudu ka rage ikonka a kan jirgin, da ka tsaya cak kuma shikenan iska ce kyaftin ba kai ba. Jirgi mai mita 15 zai kai nauyin tan 14 ko fiye, mai mita 20 kuwa yana iya haura tan 30. Not shine ma'aunin gudu a teku, gudun not 2 kusan mita ɗaya ne a daƙiƙa, kafi shi sauri da ƙafa, amma ka tuna tan 30 ne ke tafe da wannan gudun, duk abin da ya taɓa sai ya ji a jikinsa.

Ga kuma yadda yake juyawa. Baya bin goshinsa kamar mota, yana juyawa ne a kan wani wuri da ke kusan kashi ɗaya cikin uku daga goshi, gindin kuma ya ɗebo waje da faɗi. Kamar mutumin da ya ɗauko dogon katako a ka ya zo juyawa a tsakiyar kasuwa, idonsa na kan gaban katakon amma bayan ne zai kwaɗe wani. Yawancin karce-karcen da ake yi wa jiragen maƙwabta gindi ne ke yinsu, mai tuƙi na can yana kallon goshi.

Da filafili ake shiga ko da inji?

Da inji. A sauke filafilai a naɗe su tun a waje inda akwai fili, yawancin tashoshi ma sun hana shiga da filafili sai dai in inji ya mutu, kuma ko hakan ta faru sai ka kira su ka faɗa. Sannan ka sani a dokar kauce wa karo a teku ta duniya, wadda aka amince da ita a 1972 ta fara aiki a 1977, da zarar ka saka injinka a giya to kai jirgin inji ne, babu sauran wata alfarma ta masu filafili a kanka.

Me ake shiryawa kafin a shiga?

Nan ne nake so a daɗe. Tun kana nesa ka kira tashar a oba-oba, ka faɗi sunan jirgi da tsawonsa da faɗinsa da zurfin da yake ci, saboda irin wannan jirgin yana da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa da ke nitsewa mita 2 da wani abu, wasu har 3. A Faransa da Sifen yawancin tashoshin shaƙatawa na sauraron lamba 9, a Kuroshiya 17, a Ingila 80. Lamba 16 ta kiran gaggawa ce, don Allah kar ka tsaya kana tambayar wurin kwana a kanta. Ka tambaye su da gindi za ka shiga ko da gefe, akwai igiyar da aka ɗaure a ƙasan ruwa ko kuwa anka, ƙarfen nan da ke kama ƙasa ya riƙe jirgi, za ka jefa, kuma za a turo maka mutum ya karɓi igiya ko a'a.

Sai a rataye fenda, robobin nan masu iska da ke kare jikin jirgi, a duka gefe biyu ko da an ce maka gefe ɗaya za ka kwanta, domin shiri na canzawa a minti ɗaya, a bar babba guda a hannun mutum ɗaya wanda aikinsa kenan kawai, yana yawo da ita duk inda za a gogu ya zura. Igiyoyi a ɗaure su a ƙahonsu, wato ƙarafan nan masu kama da ƙaho da ake ɗaure igiya a jiki, a fitar da su ta ƙarƙashin wayar shinge a dawo da su ta sama, a naɗe a shirye. Anka ma a sassauta ta ko da ba za a jefa ba, ranar da inji ya ɗauke a tsakiyar tasha ita ce birkinka. Ƙaramin kwalekwalen roba da ake ja a baya a matso da shi ko a mayar da shi goshi, igiyarsa na daga cikin abubuwan da suka fi shiga farfela.

Kafin ka shiga ka gwada ribas a fili, ka tabbata giyar na shiga. Sannan ka tara mutanenka ka faɗa wa kowa aikinsa da sunansa, wane kai ne igiyar baya ta ɓangaren iska, wane kai ne anka, wance ke ce fenda, baƙi kuma su zauna wuri ɗaya inda ba za su tare maka gani ba. In da hali ka shiga ka zaga sau ɗaya ka ga wurin da idonka, ka duba tutoci da kan sandunan jirage ka ga inda iska ke kaɗawa, ka fito, sannan ka dawo da gaske.

In na saka ribas sai gindin jirgin ya zame gefe ɗaya kafin ya fara tafiya baya. Matsala ce a injin?

Lafiyar injinka ƙalau. Farfela bayan tura ruwa gaba ko baya tana kuma ɗan taka gindin jirgi zuwa gefe, kuma a ribas abin yafi fitowa. Farfelar da ke juyawa dama in ana tafiya gaba, a ribas hagu take jan gindi. Wasu jiragen akasin haka ne, don haka ka gwada naka tun yana ɗaure: saka ribas a hankali ka leƙa gefe da gefe, in ruwa na tafasowa ta dama to gindinka hagu zai tafi. Jirage masu doguwar sandar farfela da ta fito a karkace sun fi yin wannan, waɗanda farfelarsu ke rataye a ƙafa ƙarƙashin inji nasu kaɗan ne.

Toh maimakon kayi faɗa da abin sai ka sa shi aiki. In gindinka hagu yake zuwa, kwanciya da gefen hagu zata fi maka sauƙi, domin ribas ɗin da zaka taka don tsayawa shi da kansa zai manna gindin da dandamali. In kuma baya zaka yi mai nisa, ka fara da karkatar da jirgin tun farko don ka biya bashin zamewar, ka ba shi wuta sosai har ya kama tafiya, sai ka mayar da giya firi, nan take zamewar zata tsaya sitiyari ya karɓa. Kuma ka riƙe sitiyarin da hannu biyu, a ribas ruwa na fizgar allon, in ya kuɓuce maka zai buga ƙarshe da ƙarfi ya iya lalata wani abu.

Ya ake juya jirgi mai mita 18 a layin da faɗinsa bai fi mita 25 ba?

Da gaba kaɗan baya kaɗan, ba tare da jirgin ya tafi ko'ina ba. A ce gindinka hagu yake zamewa, to juyawa ta dama zaka yi. Ka murɗa sitiyari dama gaba ɗaya ka bar shi a nan kar ka sake taɓawa. Ka ba da wuta gaba mai ƙarfi ta daƙiƙa biyu ko uku, ruwan da farfela ta watsa zai bugi allon ya tura gindi hagu kafin jirgin ya ankara ya fara tafiya, sai firi, ka ɗan jira injin ya sauka, sai ribas, shi ma ya ƙara jan gindin hagu, da ka ga ya fara ja baya sai firi sai gaba kuma. Haka har ka juyo. Kar ka dinga wurga giya daga gaba zuwa ribas kai tsaye, giyabos ne zai biya, kuma in farfelarka irin mai naɗewa ce tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta buɗe ta kama ruwa.

Amma fa sababbin jirage masu faɗin gindi da yawa allo biyu gare su, ɗaya dama ɗaya hagu, farfela kuma a tsakiya, ruwanta na wucewa ta tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba. Irin waɗannan dabarar nan bata ci a kansu, dole sai jirgin na tafiya sannan zai juya, shi yasa kusan dukkansu ake saka musu farfelar goshi, wata ƙaramar farfela da ke tura goshi dama ko hagu.

To tunda akwai farfelar goshi ai magana ta ƙare ko?

Bata ƙare ba gaskiya. Tana taimako sosai, ni ma ina son ta, amma mai aiki da batir in ka danne ta minti biyu zuwa uku a jere zata yi zafi ta kashe kanta, kuma lokacin da ake danne ta haka shine lokacin da aka fi buƙatarta. In jirgi na gudu ya wuce not 2 ko 3 ƙarfinta raguwa yake, in iska ta yi ƙarfi ta gefe kuma sai ta gagare ta, ga shi tana tsotse igiya ko leda in ta samu. Manyan jirage masu ta haidirolik basu da matsalar zafin nan. Shawarata ka tsara shigarka kamar babu ita, sai ka yi amfani da ita wajen gyara ɗan abin da ya rage.

Iska fa? Daga nawa ne ya kamata mutum ya haƙura?

Babu lamba ɗaya da zata yi wa kowa, ya danganta da jirgin da mutanen da ke kai da kuma wurin. Abin da ke tabbas shine ƙarfin turin iska baya ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, in gudunta ya ninka biyu turinta ninki huɗu yake, wato not 20 ta ninka not 10 sau huɗu a jikin jirgi. Kuma goshi take fara ɗauka, saboda shine sama kuma babu abin da ya riƙe shi a ruwa sosai, ga filafilin gaba a naɗe a kai yana kama iska. Don haka jirgi in aka bar shi kullum so yake ya juya gindinsa ga iska. Wanda ya gane wannan ya huta, in wuri ya ƙure maka ka ba iska gindi ka riƙe shi da ribas kaɗan kaɗan, zaka iya tsayawa a haka kana jira har layi ya buɗe, amma tsayawa da goshi cikin iska sai an yi ta kokawa.

A tekun Girka iskar arewa da suke kira meltemi tana tashi a Yuli da Agusta, tafi ƙarfi da rana zuwa la'asar, daidai lokacin da kowa ke rububin wuri. A Kuroshiya akwai bura mai gangarowa daga duwatsu ba sallama, a wajajen Marsay kuma mistiral. In irin wannan ta kama ka kuma wurin da aka baka iska na bugunsa ta gefe, ka nemi wani wuri, ko ka ce su turo kwalekwale ya tura maka goshi, ko ka je wani lungu ka jefa anka ka kwana da safe ka shigo. Wallahi babu abin kunya a nan.

Ku yi min bayanin shiga da gindi, wadda ake yi a Bahar Rum.

A can ruwa baya hawa da sauka sosai, wuri kuma ya yi kaɗan, shi yasa jirage ke jeruwa gindinsu na kallon dandamali kafaɗa da kafaɗa, a sa katako a sauka ta baya. Iri biyu ce. A tashoshin da aka gina don haya, kamar yawancin na Kuroshiya, akwai igiya a ƙasan ruwa da aka ɗaure da sarƙa ko siminti, ma'aikacin tasha zai ɗago maka siririn bakinta, mutuminka ya karɓa da sanda mai ƙugiya ya bi da ita gefen jirgi har goshi ya ja ya ɗaure. Ya sa safar hannu, igiyar nan cike take da ƙananan kwanson ruwa masu yanka. Kai kuma lokacin da igiyar ke kusa da gindi giyarka na firi, in ba haka ba farfela zata naɗe ta.

A gaɓar garuruwan Girka kuwa yawanci ankarka zaka jefa. Ka tsaya daidai saitin gurbin da zaka shiga, nisan kamar tsawon jirginka uku, amma ka san tsawon sarƙarka tukuna don kar ta ƙare saura mita biyar ka isa. Ka fara ja da baya tun daga nesa yadda jirgin zai kama hanya sitiyari na ji, mai anka ya saki in ka ba da alama, ya ci gaba da saki ba tsayawa, domin in ya riƙe da wuri jirgin zai tsaya a tsakiya iska ta kwantar da kai a kan sarƙoƙin mutane. In iska na gefe ka jefa ankar ɗan sama ta ɓangaren iskar, kuma ka shiga da ɗan gudu, wannan na cikin wuraren da sanyin jiki ke cutarwa. Da ka isa, igiyar ɓangaren iska ita ce ta farko, a ba na kan tudu ya zagaya da ita ya dawo maka da ita, da an ɗaure sai ka sa giya gaba a hankali jirgin ya jingina da igiyar ya tsaya, sannan a natse a yi ta biyu, a ja sarƙa har ta miƙe.

Ka bar tazara tsakanin gindi da siminti, mita ɗaya ko fiye. In jirgin fito ya shigo igiyar ruwan da yake tayarwa na iya buga ka da dandamali. Kuma ka duba sama, kar sandarka ta yi saiti ɗaya da ta maƙwabci, in jiragen suka yi tangaɗi sai su sarƙe.

Ankata ta ɗago sarƙar wani, ya zanyi?

Wannan a wuri irin Idra, tsibirin nan na Girka da tasharsa ƙarama ce har jirage ke yin layi biyu uku a gaban juna, kusan kowace safiya sai an yi. Ka ja har sarƙar tasa ta fito kusa da saman ruwa, ka zura igiya ta ƙarƙashinta ka ɗaure duka bakin biyu a jirginka, ka sauke ankarka kaɗan ta fita, ka ɗago ta gefe, sannan ka saki baki ɗaya na igiyar. Kar wanda ya sa hannu tsakanin anka da sarƙa. Ka kuma sanar da mai jirgin don ya ja tasa ya ga ko ta tsige.

Iska ta manna ni da dandamali, gaba jirgi baya jirgi, ta ina zan fita?

Da igiya ɗaya. Ka ɗauko ta daga ƙahon goshi ka kai ta wani ƙarfe a dandamali wajen tsakiyar jirgi ka dawo da ita, a tara fenda a goshi, a kwance sauran igiyoyi, ka sa giya gaba a hankali ka murɗa sitiyari wajen dandamalin. Jirgin bazai iya gaba ba, sai gindi ya buɗe waje. Ka bar shi ya buɗe sosai fiye da yadda kake zato, sai firi, a zare igiya, ka fita da ribas da ƙarfinka. Mai allo biyu yafi jin akasin haka, igiya daga gindi zuwa gaba, ribas, goshi ya buɗe.

Waye ke da hanya a cikin tasha?

Ka kama damanka a mashiga, in kun yi gaba da gaba kowa ya kauce dama, in wani na tsallakowa daga damanka kai zaka ba shi hanya. Doka ta 9 a cikin dokar kauce wa karo ta ce jirgin da bai kai mita 20 ba ko mai filafili kar ya tare wa jirgin da ba zai iya fita daga mashigar ba, don haka ko a Legas ne ka haɗu da jirgin kwantena mai shiga Apapa ko Tin Kan, kauce masa tun da nisa, bashi da inda zai je kuma daga inda matuƙinsa yake ƙila ma baya ganinka. Ham ɗaya gajere na nufin zan yi dama, biyu hagu, uku injina na ribas, biyar kuma ban gane me kake yi ba. A Turai da Afirka in kana shigowa jar alamar mashiga na hagunka koriya na dama, a Amurka da Japan akasin haka ne. Tashoshi da yawa sun ƙayyade gudu a not 3, kuma in ma'aikatan tasha suka ce ka tsaya ka tsaya.

Ni sabo ne a aikin, oga na yawan yi min tsawa in mun zo ɗaurewa. Me zan kiyaye?

Ƙanena, abu na farko jikinka. Kar ka taɓa sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da siminti ko tsakanin jirgi da jirgi, ko da kana ganin za a gogu, ko da oga na ihu, fenda ake sawa. Fenti ana sake shi, jirgin na da inshora, ƙafar da tan 20 ya matse kuwa bata dawowa yadda take, kuma wannan maganar ita ce ta fi damuna a duk shafin nan domin yaranmu sabbin zuwa suna son nuna ƙwazo. Kar ka yi tsalle zuwa dandamali, ka jira ya matso ka taka. Kar ka riƙe igiya da ƙarfin hannunka, ka zagaya ta a ƙaho tukuna, kar ka naɗa ta a hannu, kar ka tsaya cikin kewayenta. Ka sa takalmi. In igiya ta faɗa ruwa ka faɗa da ƙarfi nan take don a cire giya.

In kana goshi kana ba da nisa, ka yi da yatsu ko ka faɗi mita, “saura uku, saura biyu”, kalmar “an kusa” bata gaya wa mai tuƙi komai. Kuma umarni daga mutum ɗaya kake karɓa, na kan tudu zasu yi ta ba da shawara da yare kala-kala, ka gaishe su ka saurari kyaftinka. Shi ma ogan in zai ji, tsawa alama ce ta cewa ba a yi bayani tun a waje ba, ka same shi a natse bayan an gama ka ce yallaɓai don Allah gobe a faɗa min aikina kafin mu shiga.

In na ga shigar ta lalace a rabi fa?

Ka fita ka sake, muddin akwai hanyar fita, kuma tun kafin ka shiga ya kamata ka san ta ina ce. In kuma ta rufe, kar ka ƙara wuta, nan ne ƙaramin karce ke zama babban rami. Ka tsayar da jirgin, a jera fenda, ka bari ya kwanta a hankali a jikin maƙwabci, giya a firi saboda igiyoyinsa da ke ƙasa, sannan a miƙa doguwar igiya zuwa ɓangaren iska a ja shi da winci, na'urar jan igiya, ko a kira kwalekwalen tasha.

Na gogi jirgin wani kuma mai shi baya nan.

Ka ɗauki hoton wurin a jirginka da nasa, ka rubuta lokaci da yanayin iska a littafin jirgi, ka je ofishin tasha ka faɗa musu ka bar lambarka da takardar inshora. In jirgin haya ne ka kira kamfanin a ranar, kar ka bari sai ranar mayarwa.